Daga Tsauni zuwa Duwatsun Kutus

Da na gaya wa kawuna cewa ina so in yi gabas har Gure, sai ya ajiye ludayin furarsa ya dube ni.

"Biki ne, ko rasuwa aka yi?"

"Ko ɗaya, Kawu. Ƙasar nake so in gani."

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, ɗana, in ƙasa kake son gani, kada ka fara da mota. Gobe da asuba ka bi ni gona."

Tambayar tasa ba ta ba ni mamaki ba. Bahaushe matafiyi ne tun kaka da kakanni. Ya kai Gwanja neman goro, ya kai Makka a ƙafa, amma kowace tafiya tasa da dalilinta: fatauci, cin rani, neman ilimi, zumunci, aikin hajji. Fita don a kalli dutse da tafki kawai ba ta cika shiga lissafinmu ba. Ni kuwa na taso daga Daura, na tsallaka iyaka ta Kwangwalam da Ɗan Barto, na sauka Tsauni gidan dangin mahaifiyata, ina da mako guda a hannu da niyyar in ƙarar da shi a kallo.

Tsauni gari ne na manoma a gundumar Kance, wadda mazaunin hukumarta ke Matameye, cikin jihar Damagaram. Ƙauyuka a nan kusa-kusa suke. Kafin carar zakaran wani gari ta ɓace maka, ka fara jin ta na gaba. Naira da sefa duk suna ci a kasuwa, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da suruki ko jika a ɗaya gefen iyaka. Wanda ya ji sunan garin zai sa ran ganin tudu ya tokare sama. Ni abin da ya cika mini ido da muka fita bayan salla, hazo bai gama washewa ba, gawo ne.

Watan Disamba ne, an gama kaka, gero ya shiga rumbu. Gonaki sun yi fari fat, sai kara a kwance da sawun awaki. Amma iya ganinka gawo ne tsaye da ganye shar, wani bayan wani har inda sama ta haɗu da ƙasa. Daga nesa ka rantse daji ne. Sai ka shiga za ka ga kowanne a tsakiyar gonar wani yake, kuma mai gonar ya san shi kamar yadda ya san akuyarsa.

Kawu ya tsuguna gaban wani tsiro mai farar ƙaya da bai kai gwiwa ba. Ya zaro wuƙa, ya sare rassa huɗu na gefe, ya bar biyu masu ƙarfi, ya ɗaura musu jan tsumma.

"Wannan tsumman shi ke gaya wa mai neman itacen girki cewa da mai shi," in ji shi. "Ba ni na shuka ba. Saniya ta ci 'ya'yan, ta yi kashi, ya tsiro. Nawa kawai in bar shi, in riƙa yi masa aski."

Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, shi ya sa ake cewa ya ƙi ruwan Allah. Wannan ƙin kuwa shi ne alherinsa ga manomi. Ganyen na zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, rana na samun hanyar isa ga gero, saiwarsa kuma ta nutsa can ƙasa, ba ta jayayyar ruwa da hatsi. Da rani sai ya mayar da ganye, dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa masu lanƙwasa, su bar masa taki. Kawu ya tumɓuko kututturen kara biyu ya miƙo mini. Na gindin gawo ya kai kaurin babban yatsa. Na can tsakar fili bai fi tsinken tsire ba.

A Damagaram har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, wadda kan iya cin ran mai laifi. Da Turawa suka zo, har bayan samun mulkin kai, itace ya koma na gwamnati. Manomi na tsoron malaman daji su ci shi tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, sai ya gwammace ya sassabe shi tun yana ƙarami. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984, yunwar da mutanen nan ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka. Kawu ya ce a shekarun nan iska kan binne shuka sau biyu, sau uku, mutum ya ƙarar da irinsa ruwa bai zauna ba. Daga nan manoma suka shiga barin tsiro suna raino, abin da ake kira sassaben zamani. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, kuma gundumomin Kance da Magarya da Mirya na cikin inda abin ya fi kauri. Wannan kyan da na tsaya ina kallo, ashe aikin wuƙa ne da haƙuri.

Da la'asar muka gangara kwari. Duk yankin nan a kan Korama yake zaune, tsohon kogi da yashi ya binne, wanda ya nufi gabas wajen Tafkin Cadi. A sama ba ka ganin ruwa sai tafki nan da can, amma a kwari in ka haƙa tsawon mutum ka cim masa. Ka baro tudu mai ƙura, taku ɗari kawai, sai ka ji sanyi ya bugi fuskarka, ƙamshin danshi ya tarye ka. Ga rake ya fi tsawon mahayin doki, ga rogo, ga dankali, ga fangalin albasa da kabeji, ga mangwaro ya fara fure. Samari na ɗaure rake dami-dami, ana loda wa amalanken shanu zuwa bakin kwalta, inda manyan motoci ke kwasa su yi Damagaram da Agadas. Wani yaro ya fere mini gaɓa uku da 'yar wuƙarsa, ya ƙi karɓar ko dala. A nan na ƙudurta cewa ruwan nan da ke tafiya gabas a ƙarƙashin yashi shi zan bi.

Washegari na hau motar haya daga Matameye. Kance ba ta da nisa, kuma ban iya wuce ta ban tuna Dorugu ba. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, ta wannan ƙasa. Yana yaro mahara suka kama shi, aka kai shi Kukawa a matsayin bawa, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya bi abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da na garuruwan Turawa da Hausarsa ta Damagaram, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Duk mai rubuta labarin tafiya da Hausa, ya sani ko bai sani ba, yaron nan na ƙasar Kance ya riga shi. Kuma hanyar da zan bi daga Damagaram zuwa Gure ita suka biyo da Barth a Disambar 1852, su suna yamma, ni ina gabas.

A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Gawo ya fara siranta, ƙasa ta fara tauri. A Tirmini wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna fili da haɓa, ya ce, "Nan aka yi ta." A nan ne, ƙarshen watan Yulin 1899, dawakin Sarki Amadu Kuren Daga suka kara da ragowar rundunar Faransa, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta kuma yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu. Shekara guda kafin nan aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, suka zo da wannan a matsayin hujja. Bindiga ta rinjayi mashi. Sarki ya fice daga birni, aka cim masa a watan Satumba.

Sai duwatsu suka fara ɓullowa. Wanda bai taɓa shiga Damagaram ba, abin da zai fara ɗaure masa kai ke nan. Manya-manyan duwatsu ne masu sulɓi, wasu kamar rumbu, wasu kamar giwa a durƙushe, wani a kan wani, har ka ce yaro zai iya ture na sama da yatsa, alhali tun kafin a haifi kakan kakanka yake nan. Birni, tsohuwar unguwar sarauta, a tsakaninsu aka gina ta. Lungu zai miƙe, sai ya tarar da dutse, ya kauce masa. Gida zai jingina da dutse ya mayar da shi bango na huɗu. Na ga wata tsohuwa ta shanya kuɓewa a kan wani falalen da ya fi ɗakinta faɗi, awaki kuma sun haye can ƙololuwa suna kallon gari.

Na yi yini guda ina zaga Birni a ƙafa tare da ɗan kawuna, ɗalibi a Jami'ar André Salifou. Gidajen tubali masu zanko, fuskokinsu da zane na taɓo, wasu an shafe su da launi, wasu damina ta cinye rabin adon. Raina ya sosu da na ga yadda bulo da kwano ke cin wuraren da suka rushe, don maginin da ya iya wannan zane ba kullum ake haifarsa ba. A ƙofar fada dogarai na zaune cikin ja da kore. Muka gaishe su, babbansu ya amsa da sakin fuska, ya nuna mana inda baƙo ke iya tsayawa. Fadar tun tsakiyar ƙarni na 19 take. Tanimun ne ya ɗaukaka garin: ya ƙarfafa ganuwa, wadda guntayenta ke tsaye har yau, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a gida, ayari kuma na tasowa daga Tarabulus ya sauka a Zango, unguwar fatake da Buzaye, ya sayi fata da gashin jimina. Faransawa ma a nan suka ajiye babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926, kafin su mayar da shi Yamai.

Amma dutsen da ya ba Damagaram kariya shi ya hana ta ruwa. Garin a kan falalen dutse yake zaune, rijiya ba ta samun abin kirki. Daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, tafiyar kilomitoci masu yawa ake turo ruwan famfo, kuma ƙarancinsa na cikin dalilan da Turawa suka bayar na ƙaura. Da magariba muka hau wani dutse, gari ya shimfiɗu a ƙasanmu, hasumiyoyi na kiran salla ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fi ji bayan kiran salla shi ne ƙarar kurar 'yan ga-ruwa, jarkoki na karo da juna a lunguna. Jiya-jiya na baro inda ake tarar da ruwa a tsawon mutum. Tsakanin nan da can bai kai kilomita 90 ba.

Muka sayi alkaki na guzuri, muka yi gabas. Mirya, kilomita 18 daga birni, garin kuka ne da lambu da tukwane. Kukokinta sun tsaya jere, an aske musu ganye tas domin miya. Ba ranar Lahadi muka zo ba, ba mu tarar da kasuwa ba, muka wuce.

Gidimuni ce ta tsayar da ni. Kana tafe cikin tuddan yashi da ƙaya, ido ya gaji, sai hanya ta yi kwana, ƙasa ta buɗe, ga ruwa shimfiɗe yana ƙyalli, dabino da goruba sun yi masa zobe. Direba ma sai da ya rage gudu, duk da cewa kullum yana wucewa. Muka sauka muka kwana. Barth ya rubuta cewa ya tarar da tafkuna biyu a wannan wuri maƙwabtan juna, ɗaya mai daɗi, ɗaya na kanwa, kuma har yau in ka bi gefen ruwan za ka ga inda ƙasa ta yi farin ɓawo kamar an barbaɗa gari, taku kaɗan kuma ga lambu kore shar yana shan ruwan idon da ke tsattsafowa daga gindin tudu.

Da sassafe na zauna bakin tafkin. Wani masunci ya kifa babban gora, ya kwanta a kai da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana bin komarsa. Balbela ta yi fari a kan ciyawa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya na tashi garke-garke tana fito. A cikinsu akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke gudun sanyin Turai, su ƙetare teku da hamada su yi cin rani a nan. Domin irinsu ne aka sa tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Masuncin da ya fito, na ce, "Sannu da aiki, Baba. Ya ruwa?" Ya ce, "Ruwa alhamdu lillahi, yaro, sai dai kacala." Ya nuna mini doguwar ciyawar da ta cinye gefe guda, tana toshe wurin kamun kifi, tana ba jan baki mafaka. Kowace shekara sai sun shiga da adda, ruwa iya ƙirji, sun sare ta.

Daga Gidimuni zuwa Gure, mai nisan kimanin kilomita 160 daga Damagaram, ƙasar Manga ke farawa. Gaisuwa ta koma "wushe, wushe", ko da yake Hausa na kai ka ko'ina. Gure ce mazaunin sarakunan Muniyo a dā, tana zaune a gindin tuddai masu jan dutse. Amma abin da ya fi burge ni a wannan ƙasa ba a sama yake ba, a ƙasa yake.

Ka hau tudun yashi, ka duba, ba komai sai rairayi yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. Sai can ƙasa, cikin wani kwari mai siffar ƙwarya, ka hango kore ya dunƙule. Ka ƙara tafiya, ga wani. Irinsu ba su ƙirguwa tsakanin Gure da Maine-Sorowa. Tsibirai ne sosai, sai dai tekunsu na yashi ne, jirginsu raƙumi da jaki. Muka gangara cikin ɗaya, ƙafa na nutsewa. Tsarinsa kamar an zana da faifai: zoben waje goruba ce, ta tare yashi, na biye dabino, wanda a wannan yanki kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, sai lambunan rogo da masara da albasa, a tsakiya kuma fili fari ƙal, inda ruwa ke tsattsafowa ya bushe ya bar kanwa. Mata na kankare ta da sakaina suna tarawa tsibi-tsibi. Kanwar da uwata ke jefawa cikin wake, da mangul ɗin da fatake suka yi ƙarnuka suna kaiwa Kano a bayan jakuna, daga irin wannan ƙwarya suke fitowa. Na ɗanɗana ɗan gutsure, harshena ya yi zafi.

Wani mai lambu ya kai mu gefen gabas, inda iskar hunturu ke bugowa. Wani dabino yashi ya binne shi har wuya, kansa kawai ya rage yana kaɗawa. A saman tudun an kakkafa shinge na kaba da ƙirare, gida-gida kamar dara, an dasa 'yan itatuwa a ciki. Ya ce in ba su yi haka ba, shekara goma ta isa tudun ya sauko ya zauna a kan rijiyarsa. Yana maganar yashin kamar maƙwabci mai cin iyaka, wanda ba a gama shari'a da shi, sai dai kullum a tashi a gyara shinge.

Kutus na arewa da Gure. Hanyar ba kwalta, motar ta yi ta haƙilo cikin rairayi, sau biyu muna sauka muna turi. Sai ga duwatsun sun taso daga fili, ba irin na Damagaram masu sulɓi ba. Waɗannan shimfiɗaɗɗu ne a sama kamar an yanke su da wuƙa, gefensu a tsaye, jajaye da baƙaƙe, tsayinsu ya kai kimanin mita 600 daga teku. Tsakaninsu kwaruruka ne masu ƙaya da aduwa da magarya, ƙauyukan mutanen Dagira sun lafe a gindi, inda kakanninsu suka sami mafaka daga mahara. Muka hau ɗaya da hantsi, duwatsu na zamewa a ƙarƙashin takalmi. A sama ba abin da ake ji sai iska. Inuwar gajimare ɗaya tilo na tafiya a kan fili, garken raƙuma a ƙasa kamar tururuwa. Can arewa maso gabas, inda ido ba ya kaiwa, duwatsun Tarmit suke, waɗanda aka mayar gandun namun daji a 2012. Zuwa can sai da rakiya da shiri na musamman.

Muna hutawa, ɗan kawuna ya ciro wayarsa ya nuna mini hotunan tsaunukan Sukotlan, a arewacin Birtaniya: tuddai kore, tafkuna masu duhu, tsibirai fiye da 700 a warwatse cikin teku, hazo na yawo a kansu. Ya ce, "Yaya, ka ga inda mutane ke tara kuɗin shekara don su je kallo." Suna da kyau, babu musu. Na gaya masa cewa dutsensu mafi tsawo, Ben Nebis, mita 1,345 ne, alhali Bagazam na ƙasar Abzin ya kai 2,022. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu mutum a hotunan. Kwarurukan nan da mutanensu a dā. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu ƙasa suka tashe su don su sami wurin kiwon tumaki, da yawa suka hau jirgi zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Mai yawon buɗe ido na kallon shirun wurin yana jin daɗi, shirun kuwa na kufai ne. Na dubi ƙasa daga inda muke zaune, na hango hayaƙin girki na tashi daga ƙauye uku, wata yarinya na kora awaki zuwa rijiya. Na fi son wannan.

A Kelle, babban garin Kutus, akwai wani fili mai shinge inda ake kiwon jimina mai jan wuya. Ita ce a dā ke yawo garke-garke daga nan har Abzin, ita ce gashinta ya cika ayarin Tarabulus, ya ƙawata takalman sarakuna. Farauta da fari da tashin hankali suka ƙarar da ita a dajin Nijar. Waɗanda suka rage ana tattalinsu a nan da fatan wata rana a sake su. Namijin ya matso bakin waya, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, baƙi wuluk da farin gefe, wuyansa ja kamar an shafa masa lalle. Ya dube ni da ido mai dogon gashi, ya juya ya taka a hankali. Mai kula da su ya ɗauko fasasshen ƙwai ya ɗora mini a tafin hannu biyu. Kaurin ɓawonsa kamar na tangaran.

Tsibiran ruwa na gaske kuwa ban kai gare su ba. Suna can ƙarshen hanya, bayan Diffa da Ngigmi, cikin Tafkin Cadi. A tashar Gure, muna jiran mota ta cika, na zauna kusa da wani mai fataucin banda, kwalayensa na tashin ƙamshin hayaƙi. Ya ce ya yi shekaru yana shiga tsibiran. Ya ba ni labarin mutanen Buduma da jiragensu na ciyawa, da fararen shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho a kan ruwa, makiyayi na riƙe da wutsiyar ta baya. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan manyan fari, mutane suka bi shi suna noma inda ya bari. Sai kuma masifar Boko Haram. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun 2015, hukuma ta umarci mazauna tsibiran su fice, mutum kimanin 25,000 suka fito, akasarinsu a ƙafa, cikin zafin bazara.

"Akwai wani tsibiri," in ji shi, "da in rana za ta faɗi, ruwa da sama sukan zama abu guda, ka rasa inda jirginka yake. Allah ya sa ka gani da idonka, malam."

Na ce amin. Ya buɗe kwali ya ba ni tarwaɗa biyu, ya ce in kai wa tsofaffi.

Kwana na shida da daddare na iso Tsauni, ƙura har cikin kunne. Kawu na zaune a kan buzunsa a zaure. Na zube tsaraba a gabansa: dabinon Gidimuni, banda, da ƙunshin kanwa. Ya ɗauki kanwar ya shinshina, ya gutsura, ya kira jikansa ya ce a jiƙa wa raguna da safe. Sannan ya sa na ba shi labari tun daga Takeita, bai katse ni ba sai da na zo kan dabinon da yashi ya binne.

"Har wuya?"

"Har wuya, Kawu."

Ya girgiza kai, ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Akwai tsiro bakwai a gonar gabas da ban yi wa aski ba. In ka huta, gobe ka riƙe mini tsumman."